Macijin da Aka Kawo wa Ɗangana

Malam Ɗangana ya juya mataccen macijin da tsinke, ya duƙa yana duba bayansa.

Shi kaɗai ne ma'aikaci a ɗakin shan maganin ƙauyen, can gaba da Wara a bakin tafkin Kainji. Allurar saran maciji iri biyu ake aiko masa daga Sakkwato, ta kasa da ta kububuwa, kuma ɗaya ba ta yin aikin ɗaya. Shi ya sa ya kafa dokar da kowa ya haddace: ba maciji, ba allura.

Tun hantsi aka sauko da Ladidi daga gonar gero ta kan tudu, ƙafarta a kumbure. Ɗangana ya ce a kawo macijin da ya sare ta. Mijinta Cindo ya fita da gudu, bai dawo da macijin ba sai bayan azahar, wandonsa duk laka.

Ƙaramar kasa da kububuwa kusan tsawonsu ɗaya, launinsu na busasshiyar ƙasa, manoma da yawa ba sa rabe su. Ɗangana kuwa ya iya. Kububuwa siririya ce, da fararen ɗigo jere a bayanta. Wannan kuma ɓuleliya ce, kai faffaɗa, zanen bayanta kamar bakin mashi.

"Kasa ce," ya ce. Ya yi allurar kasa, ya mayar da kwalbar allurar kububuwa ɗaya tak da ta rage cikin akwatin sanyi.

Washegari Ladidi har ta sha kunu. Da la'asar ta tofa yawu, ya fito ja. Tsohon yankan lauje a hannunta ya buɗe. Ɗangana ya san aikin kububuwa ne wannan, amma ya zaro macijin daga kwalbar da ya adana shi, ya duba, ya sake dubawa. Kasa ce dai. Ya ƙara mata allurar kasa.

Rana ta uku aka kai ta makwanci.

A wurin zaman makoki Cindo ya riƙe hannun Ɗangana da hannu biyu.

"Mallam, kar ka sa ma ranka komi, ka yi naka. Mu ma mun yi namu. Wanda yac cije ta rami yaf faɗa, sai da munka tone fadama kakaf kahin mu samo maka mai kama da shi."