Kyanwar Maɗinkin Manyan Riguna

Gyara zama ka saurari wani misali, domin magana in an sa mata jiki ta fi zama a zuciya. A wani gari an yi wani maɗinki wanda sana'arsa ita ce aikin allura a wuyan manyan riguna. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune a rumfa ɗaya, bisa buzu ɗaya, kuma a tsawon wannan zamani ba a taɓa jin ya yanka wa mutum rana ya saɓa ba. Da wannan suna yake taƙama, shi ne kuma ke kawo masa aiki daga garuruwa masu nisa. Da girma ya kama shi, 'ya'ya suka watse, gida ya yi shiru, sai wata rana ya tsinci 'yar kyanwa a bakin kwata, ruwan damina ya jiƙe ta sharkaf. Ya kai ta gida ya raine ta, ta murje, ta yi sheƙi, ta tashi da son wasa ainun. In ya komo daga kasuwa da la'asar sakaliya, sai ya zauna a tsakar gida, ya zaro guntun zaren siliki daga aljihu, ya riƙa jan sa a ƙasa sannu sannu. Kyanwa ta lafe, ta kaɗa wutsiya, ta daka tsalle ta cafke. Duk cafka ɗaya, dariya ɗaya da kan kifi ɗaya. Haka suke yi kullum, har uwargida ta koyi ɓoye ulun saƙarta a cikin kwalla.

Ana nan sai ɓeraye suka addabi rumfarsa, suna gaigayar gefen yadi. Maɗinki ya ce a ransa ai magani na gida. Ya sa kyanwa a kwando ya tafi da ita kasuwa, kuma lalle ta yi abin da aka kawo ta yi, domin kafin mako biyu ko kashin ɓera ba a gani. Da safe ta bi hantsi ta kwanta, da rana ta yi ta mirgina kwarkwaron zare a ƙarƙashin benci, masu kawo aiki suna shafa ta. Shi kuwa bai taɓa ja mata zare a rumfa ba, saboda rumfa wurin aiki ce. A zatonsa, tun da shi ya san bambancin gida da wurin aiki, ita ma ta sani.

A cikin wannan hali wani dattijo, dillalin shanu, ya kawo farar shadda, ya ce a yi masa babbar riga mai aikin aska takwas, zai sa ranar ɗaurin auren ɗansa na fari. Maɗinki ya yanka masa rana, ya duƙufa wata uku cur, har idanunsa suka fara yaji. Ranar Alhamis, ana gobe ɗaurin aure, saura ɗan abin da bai kai tafin hannu ba, sai aka kira azahar. Ya soke allura, ya rataye rigar a kan igiya, ya tafi masallaci. Wani silin zare kore, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, yana reto daga wuyan rigar, iska kuwa tana shigowa ta ramukan zana tana kaɗa shi. Da ya komo ya tarar da riga a ƙasa. Farce ya ratsa aikin tun daga wuya har ƙirji, ya tsefe siliki, ya ja zaren shaddar kanta ta tattare, irin ɓarnar da allura ba ta iya rufewa. Ya ɗaga sanda. Kyanwa ta taho da zaren a baki, ta ajiye a gabansa, ta zauna tana duban hannunsa, tana jiran ladanta. Da ya ga haka, sai ya sauke sandar.

Da la'asar mai riga ya zo. Ya ɗaga ta, ya duba gaba, ya duba baya.

Maɗinki ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Kyanwata ce."

Dattijo ya ce, "Malam, ni ban ba kyanwa aiki ba. Kai na ba."

Ya naɗe rigarsa ya fita. Kashegari ya halarci ɗaurin aure da tsohuwar riga, duk wanda ya tambaye shi dalili kuwa ya gaya masa. Kafin kasuwa ta sake ci, sunan da aka gina a shekara talatin ya sami tabon da bai goge ba. Ita kyanwa ba ta ci amanar kowa ba, abin da aka koya mata ta aikata, kuma ta aikata shi da kyau. Shi ya sa magabata suka ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.