Amanar Tsoho Arziki

Nura ya sauka daga mota a Gabi da ƙullin goro a hannu, ya ƙi hawa kabu-kabu. A ganinsa mai laifi da ƙafa ya kamata ya ƙarasa Garin Tsamiya.

Rabonsa da ƙauyen tun farkon damina. A lokacin ya zo ne kansa cike da dabaru, ɗalibin mastar, digiri na biyu, a fannin siyasa, yana tattara bayanan memuwar, kundin binciken da ba a ba da digiri sai da shi. Batunsa shi ne yadda magidanta ke zaɓen mai gari. Ya kuwa taki sa'a: mai garin ya rasu, ana shirin zaɓe, kowa ya ɗauka ɗansa Al'amin zai gaje shi. Al'amin ɗin ne ya sauke Nura a ɗakin da ke jikin zaurensa, akushi ɗaya suke sa hannu.

Wata safiya wani mai kabu-kabu, Ashiru, wanda bai daɗe da dawowa daga ci-rani a Najeriya ba, ya ce masa in tarihi na gaske yake nema, sai wajen Tsoho Arziki. Shi ya kai shi, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Arziki na cikin 'yan kaɗan da suka rage a kan addinin kaka da kakanni, shi ke yanka a gindin tsamiyar da garin ya ci sunanta. Nura ya same shi cikin wankakkiyar riga. Tsohon ya jujjuya wayar da Nura ke naɗar magana da ita, ya tambaya ko da gaske tana riƙe magana yadda aka faɗe ta, ya matso da ita kusa da baki. Sannan ya zayyano babu gargada: kakan Al'amin baƙo ne, riƙon sarauta aka ba shi shekarar da yunwa ta watsa gidan Ɗan Baba, waɗanda suka sari garin. Riƙo ya zama gado.

"Amana na ba ka, yaro," in ji shi. "Gonar da nike ci aron gidan su Al'amin ce. Kada Al'amin ya ji, balle ran Juma'a da zaurenshi ke cika."

Nura ya rantse. Sai dai farfesansu ya sha nanata musu cewa mai bincike ba ya tsayawa kan baki ɗaya. Maganar ta yi ta cin sa, har wata dabara ta faɗo masa wadda ya tabbata ba wanda ya taɓa gwadawa a ajinsu: ya kunna wa dattawa maganar gaba ɗaya, ya lura da yadda kowa zai amsa. Ai ba zai faɗi suna ba.

Ran Juma'a, zaure cike, ya kunna. Tun kalmar farko kowa ya gane muryar. Al'amin, mutumin da ba a san shi da fushi ba, ya miƙe, ya ce kafin faɗuwar rana Arziki ya fitar masa daga gona. Ga shi an riga an yi shuka, babu inda tsoho zai sami wata.

Washegari Nura ya sulale zuwa tasha ta gefen gonar. Ciyawa ta cinye ta, ko taki ba a kai mata ba bana. Ya ce a ransa, da ma ƙarfin tsoho ya ƙare, ga shi na ƙarasa shi.

A Maradi ya cire layin da mutanen ƙauyen suka sani. Ya zauna rubutu, hannu ya ƙi. Duk tuwon da aka ajiye masa sai ya tuna rumbun Arziki. Farfesa ya yi masa kashedi: in babi na uku bai iso ba kafin ƙarshen wata, ya manta da mastar bana. Babi na uku kuwa muryar Arziki ce daga farko har ƙarshe. Nura ya yanke shawara zai goge ta a gaban mai ita, ya roƙi gafara, digiri ya tafi inda zai tafi.

Ya shiga gari da hantsi. Ƙofar gidan Al'amin tsit, tabarmin zaure a naɗe, akuya kwance a bakin dokin ƙofa. Ya ce wa kansa lokacin girbi ne, kowa na gona, ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ya tarar da Arziki a inuwa yana tufka igiya. Ya durƙusa, ya ajiye goro, ya faɗi abin da ya haddace tun cikin mota. Ya fito da waya zai goge, tsohon ya riƙe masa hannu.

A hankali ya ba shi labari. Magidanta ba su damu da wane ne kakan wane ba. Abin da suka kasa haɗiyewa shi ne a ƙwace gonar tsoho da damina. Ranar zaɓe, a gaban perefe, wakilin gwamnati a yankin, suka juya wa Al'amin baya.

"To mi zan yahe maka, ɗan nan? Na hwaɗa ma malamin lakwal mai koya ma yara boko, na hwaɗa ma likita, duk suka riƙe mini amana. Kai kaɗai ka yi mamu aiki."

Sai yanzu Nura ya gane. Damina guda yana kukan wanda bai cuta ba, wanda ya cuta kuwa yanzun nan ya wuce ƙofarsa ko sallama bai yi ba.

Moto, wato babur, ya tsaya a bayansa, mutane suka hau zubewa suna gaisuwa. Sabon mai gari, jinin gidan Ɗan Baba ta wajen uba, ya sauko yana gyara rawani, ya zo ya rusuna gaban Arziki, mahaifin uwarsa.

"Kaka, ina kwana," in ji Ashiru mai kabu-kabu.