Dodon da Takwara ta Zana

Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ta fara gaya mini, ranar Juma'a da hantsi, tana cizon zare.

"Iya, kin ga yadda takwararki ta zana ki? Dodo ta mai da ke, har da hannun."

Takwara jikata ce, 'yar babban ɗana, sunana aka sa mata. Tana karatun harkar fim. An ba su jarrabawa, kowa ya zana yadda fim ɗinsa zai buɗe, hoto bayan hoto, tun kafin a ɗauki kyamara. Nata na mutanen wata duniya ne, masu yawo tsakanin taurari cikin jirgi mai kama da faifai. Wata guda tana fama. Litinin ƙarfe tara za a miƙa, wanda bai kai ba sai ya maimaita shekara.

Ni boko da girmana na koye shi. Karatuna na fari na Alƙur'ani ne, har yau in an miƙo mini littafi ta baya nake buɗe shi, yara suna dariya. Don haka ban taɓa sa mata baki ba. In ta ce, "Tsohuwa, tsaya nan, ɗaga hannu," sai in ɗaga, in ce Allah ya shirya.

Da na koma gida ba kowa. Takardar tana shimfiɗe a kan teburinta, doguwa kamar ɗankwali, an danne bakinta da kofi. An zana akwatuna shida a jere, kowanne da hotonsa, babu rubutu ko ɗaya.

Na bi su da yatsa. Ga wata halitta mai ƙaton kai da doron baya, tana riƙe da hannun ƙaramar yarinya a fili. Ga ta ta sungumi yarinyar. Ga su a bakin ƙofar jirgi, hayaƙi yana fitowa. Ga su a ciki, wuta ta ko'ina. Ga yarinyar a kan gado, hannun halittar yana kanta, yatsu biyu a manne. A na ƙarshe yarinyar ce kaɗai, tana barci, wuta ta kama labule.

Na dubi hannuna na dama. Yatsu biyu a manne.

Shekara sha shida ke nan. Uwarta ta bar mini ita ta tafi aiki. Na kwantar da ita, na ɗora ruwa a risho, na fita sayen sabulu, hira ta ɗauke ni. Kafin in dawo wuta ta kama ɗakin, a nan hannun ya ƙone. Da aka zo tambaya na ce wayar lantarki ce. Kowa ya yarda. Ban taɓa gaya wa ko da matashin kaina ba.

To wa ya gaya mata? Kuma a gaban malamai za ta kai?

Na naɗe takardar na tura ƙarƙashin katifata.

Da yamma gida ya kife. Takwara ta zazzage jaka, ta ja gado, ta tone kwandon shara da hannu. Uban ya ce, "Mai fim a sararin samaniya, takarda ɗaya ta gagare ki a ƙasa?" Ba wanda ya yi dariya. Uwar ta bi maƙwabta gida-gida.

Asabar ta sayo sabuwar takarda. Ta zana, ta goge, ta zana, har takardar ta huje. Ni kuma na kasa zama. In shiga ɗaki in taɓa katifa, in fito, in share tsakar gidan da na riga na share. Sau biyu na ɗauki ashana. Sau biyu na ajiye.

Lahadi da la'asar ta zo ta zauna a bakin gadona, daidai kan takardar. Idonta ya kumbura.

"Tsohuwa, hannun ne ya ƙi fitowa. Sau goma na gwada. Ba ni in ƙara gani."

Na miƙa mata. Ta riƙe shi kamar ƙwai, tana shafa tabon da babban yatsa. Na rasa gane wannan yarinya. Mai son tona maka asiri haka yake riƙe hannunka?

Washegari bayan sallar asuba na ɗaga katifa. Na same ta a tebur, fensir a baki. Na shimfiɗa mata takardar.

"Ni na ɓoye. Kuma gaskiyarki, ni na bar rishon a kunne. Je ki nuna wa duniya."

Ta dube ni, ta dubi takardar. "Wane risho?"

Na nuna mata yadda dodon ya ɗauki yarinya daga fili ya kai ta cikin wuta ya tafi ya bar ta.

 Sai ta kama hannun nan nawa, ta ɗauke shi daga dama, ta ɗora a kan akwatin da ke can hagu, inda yarinya take barci ita kaɗai.

"Tsohuwa," in ji ta, "daga nan ake farawa."