Shafukan da Kawu Ya Ƙunshe Irin Albasa da Su

Ina aji huɗu, Maman Ladi, maƙwabciyarmu a Badariya, ta ara min tsohuwar mujallar zane ta Ingila, cike da mutanen ƙarfe da jiragen da ke yawo cikin taurari. Saura shafi biyu in ga ko mutumin ƙarfen da ake ba da labarinsa zai tsira, Kawu ya iso daga Argungu da irin albasa a aljihu. Ya fizge mujallar.

"Wagga takarda ta aljannu, mi ɗiya mace za ta yi da ita?"

Ya yage shafukan ƙarshe, ya ƙunshe irinsa yana dariya.

Har yau duk shekara yana aiko min da buhun albasa. Rabarwa nake yi. Ko guda ba ta taɓa shiga tukunyata ba.