Hantar Tabawa

Ranar kasuwar Azare, Tabawa mai ɗinki ta biya rumfar hoton hanta da kayan miyarta a hannu. Mijinta wata biyar ya yi yana jiran layin wannan hoto a Kano, har ciwon daji ya cinye shi.

"Iya, ja numfashi ɗaya," in ji likita, yana kunna na'urar hoton mai magana.

Kafin ta sauke numfashin, an gama. Likita ya duba hoton.

"Akwai ƙari, amma bai kai ƙwayar wake ba. Laraba mu cire shi, ki koma kan kekenki."

Tabawa ta rangaɗa guɗa, matan layi suka taya ta.

A bakin ƙofa na'urar ta ce, "Iya, gobe ki turo Uwani, ita ma a duba hantarta."

Tabawa ba ta faɗa wa kowa sunan 'yarta ba. Duk da haka ta juyo ta ce, "Wace gobe? Yanzu zan kawo ta."