Ranar da Akuya Ta Cinye Gemuna

Ina 'yar aji huɗu a lakwal, wato makarantar bokon Badaguishiri, aka zaɓe ni in fito a maigari mai yanke shari'a a wasan ƙarshen shekara. Tun safe muke gwaji, har barci ya sace ni a bayan zanar da ta raba mu da 'yan kallo. Ina farkawa na tarar akuya ta cinye gemuna na auduga, ga shi ni ake jira. Na fashe da kuka.

Malamarmu ta ɗebo toka a murhun mai ƙosai, ta shafe mini kitso. Har yau ina jin ɗumin tokar nan a tsakar kaina.

Ta ce, "Share hawaye, ɗiyata. Maigari ya tafi Konni, tsohuwarsa za ta yi shari'ar."

Na fita ina karkarwa. Mutane suka ɗauka tsufa ne, suka yi ta tafi.