Mujiyar da Aka Goge wa Ido

An yi wani falke da ya shekara talatin yana kai fatu Masar. In abokan tafiyarsa sun sayar, turare da darduma suke sayowa. Shi kuwa sai ya bi rumfunan tsofaffin kaya yana tsintar kwandalolin azurfa na Girkawan dā, irin waɗanda aka buga da guduma tun ba a haifi kakan kakan kowa ba. Guda goma sha ɗaya ya tara a tsumman rawani. Baƙaƙe ne, gefensu a karkace, amma bugun ya zauna daram. Wadda ya fi so ita ce mai hoton mujiya, idanunta ƙuru-ƙuru, gashin ƙirjinta ana iya ƙirga shi ɗai-ɗai. Da tsufa ya zo, cutar yanar ido ta makantar da shi, sai babban yatsa ya zama ganinsa. Kullum bayan la'asar zai kwance tsumman a zaure yana shafawa, yana cewa wannan maƙerin hannunsa bai yi rawa ba, wancan kuwa a gajiye ya saki guduma. Duk duniyar da ya zaga, abin da ya rage masa ke nan.

To, yana da ɗa, ƙato da gemu da iyali. Surukai za su zo gaisuwar Sallah, kuma ya san tsoho sai ya fito da kayansa ya nuna. Wai kunya yake ji a ga ubansa yana tinƙaho da baƙin ƙarfe! Tambaya, wadda ba a sayenta da ko anini, bai yi ba. Ya jira tsoho ya tafi masallaci, ya ɗauke ƙunshin, ya kai wa maƙerin da ke ƙera wa mata mundaye, ya ce a wanke su fes. Maƙeri ya jiƙa su a ruwan tsamiya, ya dirje da toka da rairayi, inda baƙi ya maƙale a lungun zane ya bi da magagari. Suka fito fari fat.

Baƙi suka zauna, ɗan ya miƙa ƙunshin yana washe baki. "Baba, taɓa ka ji gyara."

Tsoho ya lalubo mai mujiya. Yatsa ya bi, ya dawo, ya sake bi. Sumul, kamar bayan cokali.

"Ina idon?"

"Haba Baba, ai walƙiya take yi, kowa yabawa yake."

"Wa zai ga walƙiyar, ni ko kai?"

Ya ƙulle tsumman, bai ƙara kwance shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Bayan la'asar sai dai a gan shi zaune a zaure, yatsa na murza gefen tabarma. Abin da ƙasa ta yi shekara dubu biyu ba ta cinye ba, mai shisshigi ya cinye shi a hantsi ɗaya, har yana jiran a gode masa. Shi ya sa Hausawa suka ce: garin neman gira, an rasa ido.